Ga 'ya'yanmu da ke Malaga: ku fita ku ga Andalus

'Ya'yana, ku da karatu ko neman abinci ya kai ku Malaga a kudancin Sifen, ina jin labarin yadda wasunku ke yin shekara guda cur ba su san ko'ina ba sai ɗakin kwana, aji da bakin teku. In an tambaya sai a ce babu kuɗi. Na yarda aljihun ɗalibi ba shi da nauyi. Amma Allah Ya ajiye ku a garin da mutum zai yi sallar asuba, ya je ya ga abin da wasu ke tara kuɗin shekaru don su gani, ya dawo ya kwana a kan gadonsa. Kuɗin masauki shi ne ke karya matafiyi, ku kuwa an ɗauke muku shi.

Ku fara da cikin gida. Ganuwar Alkazaba da ke tsakiyar gari, wadda sarakunan Musulmi suka gina a ƙarni na 11, da ta Jibralfaro da ke bisa dutse, ana shigarsu kyauta ranar Lahadi daga ƙarfe 2 na rana. Ƙaramin jirgin ƙasa mai bi ta filin jirgin sama zuwa Fuwenhirola ma 'yan yuro kaɗan ne. Wannan na shan iska ne, ba sai na tsaya a kansa ba.

Inda nake so ku kashe ɗan abin da kuka tara shi ne Ƙurɗuba da Garnaɗa. A tasha za ku ga an rubuta Córdoba da Granada. Ba baƙin garuruwa ba ne a wurinmu, ko da ƙafarmu ba ta taka su ba. Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake rerawa a unguwanninmu lokacin Mauludi, haifaffen Ƙurɗuba ne. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa da azumi, ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Ibnu Asim, wanda alƙalanmu ke buɗe Tuhfarsa har gobe, ɗan Garnaɗa ne, a can ya rasu a 1426. To, yaron da ya tashi yana jin waɗannan littattafai a zaure, ya zo ya zauna nan kusa da garuruwan masu su, sannan ya koma gida bai leƙa ba, me zai faɗa wa malaminsa?

Daga tashar María Zambrano ta Malaga jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Ƙurɗuba cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. Farashinsa yana hawa yana sauka, wanda ya saya ta intanet makonni kafin tafiya ba zai biya abin da mai sayen safiyar ranar zai biya ba. Babban masallacin, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, an mai da shi coci tun 1236 da garin ya fita daga hannun Musulmi. An saba buɗe shi kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe, Litinin zuwa Asabar, don haka jirgin sassafe zai rage muku kuɗin shiga. Ku dai duba kafin ku tashi. Ga abin da nake roƙonku: ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Zuciya za ta motsa idan kuka tsaya gaban mihrabin nan, amma kada ku ta da kabbara ku ja wa kanku cacar baki da masu gadi. Ku kalla, ku yi addu'arku a zuci, ku nemi masallaci a gari. Kuma ku guji Yuli da Agusta. Zafin Ƙurɗuba yana wuce digiri 40, ko ɗan Sakkwato sai ya nemi inuwa.

Garnaɗa kuwa bas ta fi sauƙi, tafiyar sa'a biyu ce ko ƙasa. Fadar Alhambra, mazaunin sarakunan Banu Nasr har zuwa 1492, ita ce wuri ɗaya da ba na so ku yi wa rowa. Tikitin kusan yuro 20 ne, yana ɗauke da sunan mai shi, ana duba fasfo a ƙofa, kuma an yanka wa kowa lokacin shiga fadojin ciki. Wanda ya makara ya yi asara. Yakan ƙare makonni kafin ranar, saboda haka ku fara sayen tikitin a shafin fadar kanta, sannan ku sayi na bas. In bai samu ba, tafiyar ba ta ɓaci ba. Ku hau unguwar Albaisin da ƙafa har dandalin San Nikolas, inda ake hangen fadar gaba ɗaya da duwatsun Siyera Nebada a bayanta, ba ko sisi. Masallacin da aka buɗe a 2003 yana nan gefe, sai ku yi azahar cikin natsuwa.

Akwai Ronda, garin da wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 100 ya raba biyu, da gadarta da aka kammala a 1793. Tsayawa a kanta kyauta ne. Akwai Nerha a gabas, da kogonta da wasu samari suka gano a 1959. Masu ƙarfin zuciya kuma su gwada Caminito del Rey, hanyar katako da aka kafa a jikin dutse aka sake buɗewa a 2015, ita ma sai an kama wuri tun da wuri. Ni dai ban ga abin da zai hau da ni can ba.

Kada ku haɗa gari biyu a yini ɗaya don wai ku ci riba. Sauri ya haifi nawa; za ku ƙare a kujerar mota ne kawai. Ku tafi da guzurinku, burodi da dafaffen ƙwai da gorar ruwa, domin gidajen abincin da ke bakin wuraren tarihi sun fi tsada, kuma naman alade yana shiga girkinsu ta inda ba ku zata ba, har a miya da cincin. In kuna shakka, ku ci kifi. Matan da za su miƙo muku ɗan reshen ganye a ƙofar coci, ku ce kun gode ku wuce, karɓa ita ce ciniki. Wanda kuma ya ji ana kwaɗaita masa tsallakawa Tanja ta jirgin ruwa, ya tuna Maroko wata ƙasa ce, ya tabbatar da bizarsa da takardar zamansa kafin ya biya ko kwabo.

Ku riƙa tafiya ku biyu ko uku, musamman ku 'yan mata, kuma wani a gida ya san inda kuka nufa. Kafin ku bar tasha da safe, ku rubuta lokacin motar ƙarshe ta komawa Malaga a takarda, don cajin waya yakan ƙare da yamma, daidai lokacin da ake bukatarsa.