Tsokar da Ke Riƙe da Harshe

Harshen mutum ba shi da ƙashi, tsokoki iri 8 ne suka haɗu suka yi shi. Babbarsu ita ce wadda likitoci ke kira jiniyogulosas. Tushenta yana manne da ƙashin haɓa ta ciki, daga nan ta bazu kamar mafici ta shiga harshe.

Aikinta shi ne jawo harshe gaba. Da ita mutum ke zaro harshensa waje, ita ce kuma ke hana shi komawa baya ya rufe maƙogwaro. In barci ya yi nauyi takan saki kaɗan, wannan kuwa yana cikin abubuwan da ke kawo minshari.

Amma in mutum ya suma, sai ta saki sarai. In an bar shi rigingine, harshe yana iya toshe hanyar numfashi, ya halaka cikin 'yan mintoci.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa cewa wanda ya suma, in yana numfashi, a kwantar da shi kan gefensa, a ɗaga haɓarsa kaɗan. Kada a ɗura masa ruwa, a gaggauta kai shi asibiti.