Faɗakar da Muridai bisa Hukuncin Zakka da Sharuɗɗanta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai saukar da ruwa, mai tsirar da hatsi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wagga takarda zuwa ga 'yan'uwa muridan Shehu Abdulƙadir Jilani, Allah shi yarda da shi, mazauna ƙasar Tambuwal da Kebbe, da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kuchi. Ku sani, ya 'yan'uwa, wuridi nafila na, zakka kuwa farilla ta, rukuni cikin rukunan Musulunci. Nafila ba ta tsayawa matsayin farilla. Wanda ka jan tasbaha da dare alhali haƙƙin matalauta na cikin rumbunsa, bashi shika kwana da shi. Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda sunka hana zakka a shekara ta 11 bayan hijira, ga shi kuwa cikinsu akwai masu salla. Ku ko kuna zaune garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu yaz zauna ribaɗi, su kuwa mutanen nan ba su raba ɗariƙa da shari'a ba. Abin da za mu ambata bisa mazhabar Imamu Malik shike, kamar yadda kunka karanta ga Risala da Muhtasar na Halilu.

Fasali ga wanda zakka ta wajaba kansa. Tana wajaba ga ɗa wanda yam mallaki nisabi cikakkar mallaka. Ba a sharɗanta balaga ko hankali ba, don haka dukiyar maraya da ta mahaukaci ana fidda musu zakka, waliyyinsu ka fitarwa. Kuɗi da bisashe sai shekara ta kewayo kansu, shekarar wata. Hatsi ba shi jiran shekara.

Fasali ga zakkar hatsi, ita ta fi shafarmu, don mafi yawanmu manoma na. Nisabinta wusƙi 5, kowane wusƙi sa'i 60, kowane sa'i mudu 4. Jimla sa'i 300, ko mudu 1,200. Mudun Annabi aka nufi, tsira da aminci su tabbata gare shi, shi na cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici. Kada ku auna da tiyar kasuwa sai kun san mudun Annabi nawa ka shiga cikinta.

Gero jinsi na daban, dawa daban, shinkafa daban, ba a gama ɗaya da ɗaya don cika nisabi. Wanda yas samu sa'i 200 na gero da sa'i 200 na dawa, babu zakka gare shi ga ko ɗaya. Amma wanda yan noma dawa gona uku, ko da ɗaya tana Kebbe ɗaya tana Sanyinna, gama su shika yi. Wake da riɗi akwai zakka cikinsu in sun kai nisabi. Albasa da tattasai da rake da rogo babu zakka ga ainihinsu, sai dai in an sayar, kuɗin sun kai nisabi, sun shekara hannu.

Abin da ruwan sama ko ambaliyar fadama tas shayar, ushiri aka fiddawa, ɗaya cikin goma. Abin da anka shayar da jigo ko injin ban ruwa, rabin ushiri, ɗaya cikin ashirin. Mai sa'i 300 na dawar damina shi fidda 30, mai irinsu na shinkafar rani shi fidda 15. Shinkafa ana lissafta ta da ɓawonta.

To, ga wurin da ƙafa ka zamewa. Zakka tana rataya ga hatsi tun sa'ad da ƙwaya tan nuna, fitarwa kuwa sai an girbe. Duk abin da ka ɗiba bayan nunarsa ana lissafa shi: wanda kac ci, da wanda kay yi kyauta, da dammunan da kab biya 'yan ƙwadago da su. Kada ka sallami masu yanka da masu ɗauka sannan ka ƙirga saura. Kuma bashi ba shi kayar da zakkar hatsi. Mutum shi ce, "Na ci bashin taki da na mai, sai na biya in ga abin da yar rage." Wannan bai halatta ba. Shari'a ta riga ta sauƙaƙa wa mai ban ruwa da rabin ushiri, ba a ƙara cire masa kuɗin aiki. Wanda yak karɓi gona aro ko haya, shi ka fidda zakka, don hatsin nasa na, mai gona ba ruwansa.

Fasali ga bisashe. Shanu 30, maraƙi mai shekara biyu. Shanu 40, saniya wadda tac cika uku tas shiga ta huɗu. Tumaki da awaki ana gama su: daga 40 zuwa 120 guda ɗaya mai shekara, daga 121 biyu, daga 201 uku, daga 400 kowace ɗari ɗaya. Raƙuma 5, tunkiya ɗaya. Ga Maliku daidai na da masu kiwon daji da na turke da shanun huɗa, duk ana ƙirga su, har 'ya'yan da anka haifa cikin shekara. Ba a karɓar gurguwa ko maras lafiya. Doki da jaki babu zakka cikinsu, sai in na fatauci na.

Fasali ga kuɗi. Nisabin zinariya dinari 20, malaman zamani sun ƙaddara shi kusa da giram 85. Na azurfa dirhami 200. Takardun naira ana kwatanta su da wannan, kuma ƙimar tana hawa tana sauka, sai ku tambayi abin da Hukumar Zakka da Wakafi ta Sakkwato tas sanar ga watan da shekararku tac cika. Abin fitarwa rubu'in ushiri, naira 25 cikin kowace 1,000. Nan kam bashi yana ragewa, in mai shi ba shi da wata ƙadara da za ta tsaya wa bashin. Riba tana bin shekarar uwar kuɗi. Mai shago wanda ka saye da sayarwa kullum shi ƙiyasta hajarsa kowace shekara shi gama da kuɗin hannu. Mai ajiye haja shina jiran tsada, sai ranar da yas sayar, shi fidda ta shekara ɗaya. Adon da mace ka sawa babu zakka cikinsa.

Fasali ga waɗanda aka ba. Allah ya ƙidaya su takwas ga Suratut Tauba, aya ta 60: faƙiri, da miskini, da ma'aikacin zakka, da wanda aka lallashin zuciyarsa ga Musulunci, da 'yanta bayi, da mai bashi, da mai jihadi, da matafiyin da guzuri yay yanke masa. Babu na tara.

Ya kai muridi, saurara da kyau. Hadiyya ga shehinka abu na mai kyau, amma ita daban zakka daban. In shehinka ko muƙaddaminku mawadaci na, zakkarka ba ta halatta gare shi ba, kuma ba ta sauka daga wuyanka ba, sai ka sake. In matalauci na, ba shi don talaucinsa, shi ma ya fi cancanta saboda ilminsa. Ba a gina masallaci ko zawiya da zakka, ba a dafa ta ga taron Mauludi ko na zikiri inda mai shi da maras shi ka ci tare. Shehin ƙwarai shi ka fara hana ka wannan. Haka nan ba ka ba wanda ciyarwarsa ta wajaba kanka, kamar matarka da ƙananan ɗiyanka da uwayenka matalauta. Ɗan'uwa da ƙanwa da kawu kam ana ba su. Kuma in kana bin matalauci bashi, ba ka cewa "na bar maka, zakkata ke nan", wannan bai isar ba.

Mas'ala. Niyya sharaɗi ta, ko lokacin ware zakka ko lokacin miƙa ta. Abin da kab bayar kyauta jiya ba shi zama zakka da niyyar yau. Ana iya gabatar da ta kuɗi kamar da wata ɗaya, ta hatsi ko ba a fidda ta kafin shi nuna.

Mas'ala. Ana raba ta inda ta wajaba, ko kusa da nan, ƙasa da tafiyar da aka yi wa salla ƙasaru. Wanda yan noma a Kebbe yaɗ ɗauki zakkarsa yak kai Kano don neman albarkar wani, ga gwauruwa da marayu bayan dangarsa, sai a duba. In na can sun fi buƙata, ya halatta. In daidai suke, ta isar tare da karhanci. In na gida sun fi su buƙata, ba ta isar ba, sai shi sake fiddawa. Wallahu a'alamu.

Tammat da godiyar Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.