Darasin Lafiya: Neman Allura Ɗaya Mai Kare Mutum Daga Kowace Irin Mura

Jikin ɗan Adam yana da masu gadi a cikin jini. Allurar rigakafi tana nuna musu kamannin ƙwayar cuta don su shaida ta. Ran da ta shigo, sai su far mata.

Ƙwayar ƙyanda ba ta cika sauya kama ba, shi ya sa allura biyu kan kare yaro har girmansa. Amma ƙwayar mura mai tsanani, irin wadda ta hallaka mutum wajen miliyan 50 a annobar 1918, kullum cikin sauya kama take. Don haka ake sabunta allurarta kowace shekara.

Masana sun gano cewa ƙayoyin da ke jikin ƙwayar, kansu ne ke sauyawa, gindinsu kuwa da wuya ya sauya. Burinsu shi ne jiki ya koyi gane gindin. A 2022 kuma, masana a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka sun gwada wata allura ɗaya mai tunkarar iri 20 na mura a jikin ɓeraye, ta kuwa kare su. Sai dai ba a fara yi wa jama'a ita ba tukuna.

Kafin nan, kada a yi sakaci da rigakafin ƙyanda.

Tambaya: Me ya sa ake sabunta allurar mura?