Allurar Sinawa da Ƙahon Wanzami

Tun da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 don ɗaukar kwal, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, Hausawa suka yi ta gangarawa Gabas da shanu da wake da albasa. Suka kafa unguwanni a Fatakwal da Anacha da Inugu, kowace da sarkinta da limaminta. Har a cikin shekarun 1950 wani ɗan Arewa mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka watsa unguwannin nan, bayan an ajiye makamai aka sāke haɗuwa.

To, duk inda Hausawa suka yi zango, ba a rasa wanzami da zabirarsa. Falke ya kwana uku bisa mota da dabbobi, ga fargabar hanya, ga bashi, ga kewar gida. In ya sauka sai ya ce jikinsa ya yi tsami, a kira masa mai ƙaho. Darasinmu na yau a kan wannan ne, da kuma wata dabara ta mutanen Sin mai kama da shi.

Abin da damuwa ke yi wa jiki

Akwai waɗansu 'yan ƙulluttai biyu bisa ƙoda. In mutum ya tsorata, su kan zuba sinadari cikin jini, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, naman wuya da na kafaɗa su ɗaure. Wannan shiri ne na gudu ko na faɗa, yana da amfani in haɗarin na ɗan lokaci ne. Amma in ya zarce wata da watanni, sai barci ya ƙaurace, kai ya yi ta ciwo, abinci ya fita rai. Wani likita, Hans Selye, ya fara bayyana wannan a 1936. Ɗalibin da jarrabawa ta matso masa ya san abin da mu ke nufi.

Allurar Sinawa

Turawa na kiranta akufanca. Fiye da shekara 2,000 ke nan da Sinawa suka rubuta tushenta a littafinsu na magani. Allurar siririya ce ƙwarai, ba ta da rami, ba a ɗura kome da ita. A kan soka ta a waɗansu wurare na jiki, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen 361 daga cikinsu, a bar ta kamar minti 20 ko 30, mutum na kwance. Sinawan dā sun ce akwai wani ƙarfi da ke gudana cikin jiki ta hanyoyi, allura ce ke buɗe inda ya toshe. Masu fiɗa ba su ga hanyoyin nan ba. Abin da aka gano shi ne, sukar na taɓa jijiya, jiki kuwa ya saki nasa maganin rage zafi.

Labarinta ya bazu a Amurka a 1971, sa'ad da aka yi wa wani ɗan jarida, James Reston, fiɗa a Bejin, aka rage masa zafin bayan aiki da allura, ya rubuta a jarida.

Ƙahon wanzami

Wanzami ya kan kafa ƙahon sa a baya ko a ƙeya, ya zuƙe iska ta tsininsa, ya toshe. In wurin ya tasa, sai ya cire, ya yi 'yan tsage da aska, ya mayar. Jinin da ya taru shi a ke kira mataccen jini. Gaskiyar magana jini ne irin na kullum, daskarewa ce ta sa ya yi baƙi. Larabawa na kiran aikin nan hijama, Sinawa ma suna yin irinsa da kofuna.

Shin suna magani?

Likitoci sun gwada allurar a kan mutane da yawa. An ga tana rage ciwon baya da ciwon kai mai daɗewa. Amma da aka soki waɗansu a wuraren da ba na ƙa'ida ba, ba tare da sun sani ba, su ma suka sami sauƙi kusan daidai da na farko. Watau rabon sauƙin nan mai yawa daga kwanciya ya ke zuwa, da samun mai sauraron kukanka, da sa rai. Wannan ba abin rainawa ba ne. Falken da ya zauna gaban wanzami ya ji Hausa, ya ji labarin gida, ya huta. Sai dai ba allura ba ƙaho da zai biya bashi, ko ya karanta wa ɗalibi littafinsa. In ba a kau da tushen damuwa ba, za ta komo.

Haɗarin da ke ciki

Aska ɗaya a jikin mutum goma, ita ce hanyar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Goge ta da tsumma ba ya kashe ƙwayar cuta. Lalle kowa ya ga an ɓare sabuwar reza ko sabuwar allura a gabansa. Mai ƙarancin jini, da wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, kada su yarda a yi musu ƙaho. Wanda kuwa baƙin ciki ya hana shi aiki mako da makonni, ko ya fara jin rayuwa ta ishe shi, asibiti ne wurinsa, kada a jinkirta.

Ku da za ku fita koyarwa, yaranku 'ya'yan fatake ne da jikokin wanzamai. Kada ku kushe sana'ar iyayensu a cikin aji, gama sai su toshe kunne. Ku koya musu zancen reza, su kai gida. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa a jiki in damuwa ta daɗe?
2. Ina bambancin allurar Sinawa da ta asibiti?
3. Ka tsara darasi na minti goma don 'yan aji shida a kan tsabtar aska.