Yadda Yawan Dabbobi Ke Hawa Da Sauka: Darasi Daga Tsibirin St. Matthew

Ɗalibin harshe zai iya tambaya, me ya haɗa mu da ƙidayar dabbobi? Amsar ita ce, duk wanda zai yi aikin fassara a rediyo ko jarida, wata rana za a miƙa masa labarin fari ko na jan-baki, kuma ba ya iya fassara abin da bai fahimta ba. Don haka wannan darasi zai duba wani reshe na ilimin muhalli wanda ke nazarin ƙaruwa da raguwar dabbobi.

Masana kan fara da abin da za mu kira al'ummar dabbobi, wato dabbobi iri ɗaya da ke zaune wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ƙofofi huɗu ne ke sauya yawansu. Haihuwa da shigowar baƙi suna ƙarawa, mutuwa da ƙaura suna ragewa. Wannan ne ya sa masu bincike ke son tsibiri, domin ruwa ya rufe ƙofar shiga da ta fita, saura biyu kawai.

A shekarar 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu tsaron gaɓar teku na Amurka suka kai wasu dabbobi 29 tsibirin St. Matthew da ke Tekun Bering, a yankin Alaska. Dabbobin wata irin barewa ce ta ƙasashen ƙanƙara da ake kira rendiya. An kai su ne don ma'aikatan wata tasha su sami nama idan abinci ya yanke. Ba a daɗe ba aka rufe tashar, mutane suka tafi, aka bar su ba mafarauci, ba namun dajin da ke cin su. Ga kuma abinci shimfiɗe ko'ina, wani tsiro mai kama da gansakuka wanda ya daɗe yana taruwa ba mai taɓa shi.

Da masanin dabbobi David Klein ya je a 1957, ya tarar sun kai 1,350, kowace ta yi ɓul-ɓul. A 1963 sun zama 6,000.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗauki biro. Daga 29 zuwa 1,350 cikin shekara 13, ƙaruwar ta kai kimanin kashi ɗaya cikin uku kowace shekara. To, kashi ɗaya cikin uku na 30 goma ne kacal, amma na 3,000 dubu ne cur. Kason bai sauya ba, uwar kuɗin ce ta girma, domin 'ya'yan bana su ne iyayen gobe. Wannan shi ne haɓakar ninki, wadda in aka zana ta takan yi kama da harafin J. Ita ce ta tayar wa Thomas Malthus hankali a 1798, ko da yake shi mutane ya yi magana a kansu.

A 1838 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Pierre Verhulst, ya nuna cewa idan cunkoso ya yi yawa, ƙaruwar kan yi sanyi har ta tsaya, zanen ya koma kamar harafin S. Matakin da take tsayawa shi ne yawan dabbobin da wuri zai iya ciyarwa ba tare da ya lalace ba. Wasu kan fassara shi da "iyakar ɗaukar muhalli". A ganina "ƙarfin ƙasa" ya fi sauƙi a kunne, tunda manomi ya riga ya san ƙasa mai ƙarfi da wadda ta gaji.

Sai dai rendiyar St. Matthew ba su bi harafin S ba. Tsiron da suke ci yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo, saboda haka jari suka yi ta ci, ba riba ba. Tun a 1963 Klein ya lura jikinsu ya ragu idan aka kwatanta da na 1957. Sannan hunturun 1963 zuwa 1964 ya zo da tsananin sanyi da dusar ƙanƙara mai zurfi. Da ya koma a 1966, ƙasusuwa ya gani barbaje, masu rai 42 kawai: mata 41, da namiji ɗaya wanda alamu suka nuna ba ya iya haihuwa. Babu ɗan ƙarami ko guda.

Me ya kashe su, yunwa ko sanyi? Masana sun raba dalilan mutuwa gida biyu. Akwai waɗanda ƙarfinsu ke bin cunkoso, kamar yunwa da annoba, akwai kuma waɗanda ba ruwansu da yawa ko ƙaranci, kamar ambaliya da mugun sanyi. An daɗe ana koyar da wannan labari a matsayin misalin na farko, amma binciken da aka yi daga baya ya ƙara ba yanayi nauyi. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne an haɗu ne: sanyin ya tarar da dabbobi ramammu a kan ƙasar da suka riga suka cinye. Zuwa shekarun 1980, ko rendiya ɗaya ba ta rage a tsibirin ba.