Matsar da hitar wanka zuwa sabon banɗaki: shawarwari ga magidanta a Wudil

Idan hunturu ya kankama a Disamba, sanyin asuba a gidajen da ke kusa da kogin Wudil ba ya barin kowa ya taɓa ruwan tanki. A lokacin ne maigida kan tuna hita tana maƙale a tsohon banɗaki, ga shi an gina sabo a ɗakin uwargida. Aikin ruwan kana iya yi da hannunka. Bango da tsayin tanki da wutar lantarki su ne ke ba da ciwon kai.

1. Fara duba bango. Hita mai lita 30 tana ɗauke da kilo 30 na ruwa, ban da nauyin ƙarfenta. Bulo mai rami ba ya riƙe irin wannan kaya da ƙusa kawai. A cika ramin da kankare a bar shi ya bushe sosai, ko a huda bangon gaba ɗaya a ɗaure da noti ta baya. Idan ginin ƙasa ne, kada ma ka gwada. Sa mai walda ya yi mata ƙafar ƙarfe.

2. Auna tsayin tanki. Ƙarfin ruwan gida daga tazarar da ke tsakanin tanki da bakin shawa yake fitowa, kuma dole tankin ya fi hita tsayi kafin ta cika. In tazarar ba ta wuce mita 1 ba, ruwa zai riƙa zuwa kamar na buta. Mutane da yawa sai su ce hitar ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

3. Kashe wuta daga babban akwati, ba makunnin banɗaki kaɗai ba. Don KEDCO ta ɗauke wuta ba hujja ba ce, tana iya dawo da ita hannunka yana kan waya. Mai janareta ko sola ya cire nasa ma.

4. Bari ruwan ya huce, ka rufe bawul ɗin tanki, ka buɗe famfon ruwan zafi don iska ta shiga, sannan ka kwance ɓangaren sanyi da sufana, bokiti yana ƙasa. Mutum biyu ke sauke hitar.

5. Kada ka ja ruwan zafi da fayif ɗin PVC mai gam, zafi yana sa shi laushi har mahaɗar ta saki. PPR ake so, wanda ake narkawa da inji a zafin digiri 260. Fayif mai milimita 20 daƙiƙa 5 ta ishe shi a kan injin. In ya daɗe, robar kan narke ta toshe hanyar daga ciki, ba za ka gani ba sai ruwa ya ƙi zuwa. Ari injin wurin mai gyaran famfo, ka gwada hannu da guntaye tukuna. Abin da ba ka samu a Wudil ba akwai shi a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, amma tafi da tsohuwar mahaɗar a aljihu don kada a ba ka wadda zarenta bai dace ba.

6. A jikin hita, baki mai shuɗin zobe na sanyi ne, mai ja na zafi. Ƙaramin bawul ɗin kariya a ɓangaren sanyi yake zama. Yana ɗan ɗiga idan ruwa ya yi zafi, aikinsa ke nan. Kada wani ya toshe maka shi da sunan gyara.

7. Toshe tsohon fayif da murfinsa na gaske, ba leda da tsumma ba.

8. Cika hitar kafin ka ba ta wuta. Buɗe famfon zafi har ruwa ya daina tari ya zubo santal. In ka kunna ta babu ruwa, abin ɗumamar zai ƙone nan take. Bar fayif a buɗe kwana guda kafin a shafe shi da siminti. Jan waya kuwa a bar wa mai aikin wuta: waya mai kauri 2.5, makunni mai amfiya 20 a wajen banɗaki, da wayar at (ta ƙasa). Masu zaman haya, irin ma'aikatan Jami'ar Aliko Dangote, su nemi iznin mai gidan kafin su fasa masa tayil.