Darasin Turanci: Kalmomin Da Ake Kiran Mugun Aiki Da Su

A zagayen da muke yi cikin ƙauyuka akwai abin da muka sha gani. In an tashi rubuta takardar koke zuwa ƙaramar hukuma ko zuwa ofishinmu, akan nemi saurayin da ya gama sakandare a ce ya rubuta da Turanci. Shi kuwa, don a san ya yi karatu, sai ya buɗe ƙamus ya tsinto kalmomin da suka fi kowanne nauyi. Dattawa su dangwala yatsa, ba su san abin da takardar ta ce da sunansu ba.

A wani ƙauye da muka yi aikin rijiyar burtsatse, kwamitin ruwa ya tara kuɗin gyaran famfo. Da aka zo lissafin ƙarshen shekara, ma'aji ya kasa kawo rasit na wasu kayan da ya ce ya saya. Matasa suka fusata, suka rubuto mana takarda suna kiransa "nefarious embezzler". Da muka bi sawu, mai shagon da ke cikin gari ya tabbatar an sayi kayan, suna ma cikin famfon suna aiki. Rasit ɗin ne ya ɓata. Amma kafin nan takardar ta riga ta zaga, ɗan ma'ajin da ke aiki a birni ya karanta, ya ce sai kotu ta raba su. Muka yi ta zaman sulhu, kuma a cikin wannan lokaci famfon ya sake lalacewa, babu wanda ya yarda ya riƙe kuɗin gyara. Mata da yara suka koma ɗiban ruwan rafi. Kalmomi biyu ne suka jawo wannan, shi ya sa muka ga ya dace mu yi darasi a kansu da 'yan'uwansu.

Kalmomin kuɗi da amana

Mu fara da wadda ta jawo rigimar. "Embezzlement" shi ne mutum ya ci kuɗin da aka ba shi ajiya ko aka sa shi ya kula da su. Abin lura a nan shi ne kuɗin sun shiga hannunsa ta hanyar da ta dace, daga baya ne ya mai da su nasa. Ma'ajin zumuntar mata, ko sakataren ƙungiyar manoma, ko mai ƙidayar baiko, su ne irin waɗanda za su iya yin "embezzlement". Baƙon da ya ɗauke akuya a turke ba a ba shi amanar komai ba, nasa laifin "theft" ne, wato sata. In ya haɗa da duka ko barazana ya zama "robbery", fashi ke nan. In ya fasa ɗaki ya shiga don ya yi sata, "burglary". A takardun kotu na jihohin arewa za ku fi ganin "criminal breach of trust", wato cin amana, domin haka kundin Penal Code da ya fara aiki a 1960 ya kira wannan laifi.

Laifin ma'ajin nan namu sunansa "negligence", sakaci. Mai sakaci bai yi niyyar cuta ba, ya dai kasa yin hattarar da ake bukata daga gare shi. Ana iya tsawata masa, ana iya sa shi ya biya abin da ya ɓata, amma tsakaninsa da mai cin amana akwai nisa sosai.

Akwai kuma wani abu da ke tsakani, wanda mu ma'aikatan raya ƙasa muka fi haɗuwa da shi. An ba da kuɗi don sayen taki, sai kwamiti ya ga rufin majami'a yana yoyo, ya sayi kwano da su. Babu wanda ya sa ko kwabo a aljihu. Duk da haka masu ba da tallafi za su rubuta "diversion of funds", wato karkatar da kuɗi daga inda aka nufa da su, kuma suna iya tsai da taimakonsu a kan haka. Mun san rufin majami'a abu ne mai kyau. Sai dai a nemi izini tukuna, a rubuce.

"Fraud" zamba ce ko damfara: a yaudari mutum da ƙarya har ya ba da abinsa da hannunsa. Sunan nan 419 da kowa ya sani lambar wani sashe ne na kundin Criminal Code, wanda ake aiki da shi a jihohin kudu, sashen da ke magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar ƙarya. Wanda ya zo ƙauye ya karɓi kuɗin fom yana cewa zai kawo bashin noma, ya tafi bai dawo ba, "fraudster" ne. In ya buga hatimin ƙarya ko ya kwaikwayi sa hannun wani, ya ƙara da "forgery".

Mutane kan haɗa "bribery" da "extortion", alhali ba ɗaya ba ne. A "bribery", cin hanci, mai bayarwa da mai karɓa duka sun yarda, kuma duka biyun suna da laifi. A "extortion" tsoratar da mutum ake yi har ya bayar. Kalmar ta fito daga Latin, daga kalmar da ke nufin murɗewa, kamar yadda ake murɗe wa mutum hannu sai ya saki abin da ya riƙe. In za ku kai ƙarar wanda ya tare ku a hanya ya ce ba za ku wuce da buhunan masara ba sai kun ba shi wani abu, ku rubuta "extortion". In kuka rubuta cewa kun ba shi "bribe", kun shafa wa kanku laifi da alƙalaminku. "Nepotism" kuma shi ne fifita dangi wajen ba da aiki ko rabon kaya. Uwar waɗannan duka ita ce "corruption", kuma ita ce ke cikin aikin hukumar ICPC da aka kafa a 2000, da EFCC da ta fara aiki a 2003.

Laifin baki da na alƙalami

"Defamation" ɓata suna ne, kuma iri biyu ne a Turanci. In da baki aka yi, "slander". In a rubuce ne, "libel". Takardar matasan nan "libel" ce, haka ma saƙon da aka tura a WhatsApp ko aka sa a Facebook. A Penal Code ɓata suna laifi ne da ake hukunta mutum a kai. Wanda aka ɓata wa suna yana kuma iya neman diyya, kuma a irin wannan ƙara wanda ya yi maganar shi ne zai kawo shaida cewa abin da ya faɗa gaskiya ne. "Kowa ya sani" ba shaida ba ce a gaban alƙali.

Saboda haka ne 'yan jarida suke yawan sa kalmar "alleged", ma'ana ana zargi, ba a tabbatar ba tukuna. Ku lura da matakan nan. "Suspect" shi ne wanda ake tuhuma a wurin 'yan sanda. "Accused" ko "defendant" shi ne wanda aka gurfanar a kotu. "Convict" shi ne wanda kotu ta kama da laifi. Sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce a ɗauki wanda ake ƙara a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sai dai kada a ɗauka cewa sa "alleged" a gaban kowace ƙazamar magana zai wanke mai rubutu. Hanyar da ta fi ita ce a faɗi abin da ya faru kawai: an tara kuɗi kaza, an kashe kaza, ba a ga rasit na kaza ba, muna roƙo a bincika.

"Perjury" shaidar zur ce bayan an yi rantsuwa a kotu. "Hypocrite" munafuki ne, kuma a Helenanci kalmar tana nufin ɗan wasan kwaikwayo, mai fitowa a gaban jama'a da fuskar da ba tasa ba. "Diabolical" na nufin abin da ya yi kama da aikin Iblis. Asalinta ma daga Helenanci ne, daga kalmar da ke nufin mai ƙage ko mai ɓata sunan wani. Wannan ya ba mu tunani ƙwarai a lokacin da muke zaman sulhun nan.

Manyan kalmomi masu nauyi

Waɗannan su ne matasa suka fi so, su ne kuma suka fi bukatar a yi hankali da su. "Nefarious" daga Latin take, daga kalmar da ke nufin abin da ya saɓa wa dokar sama. Ana amfani da ita ga mugun aikin da aka shirya da gangan, kamar na masu safarar yara. "Heinous", wadda ake furtawa kamar henas, ta fito daga kalmar Faransanci mai nufin ƙiyayya, kuma alƙalai da 'yan jarida suna ajiye ta don laifi irin kisan kai da fyaɗe. "Atrocity" ta'asa ce, irin kashe-kashen da ake yi wa mutanen da ba su da makami a lokacin yaƙi. Sama da ita akwai "genocide", kisan ƙare dangi, kalmar da wani lauya mai suna Raphael Lemkin ya ƙirƙira a 1944, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta yi yarjejeniya a kanta a 1948. Abin da ya faru a Ruwanda a 1994 shi ake kira haka. "Depraved" mutum ne da halinsa ya lalace har ba ya jin kunyar mugunta. "Callous" mai taurin zuciya ne, wanda wahalar wani ba ta dame shi ba. "Malicious" mai ƙeta ne, wanda ya yi abu don ya cuci wani.

A ganinmu babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kamata ya shiga takardar kwamitin ƙauye. Jami'in da ya karanta "heinous crime" a kan buhun taki biyu zai ɗauka masu rubutun ba su san abin da suke faɗa ba, ya ajiye takardar a gefe.

Akwai wata kalma da ta shafe mu mutanen karkara. "Villain" a yau na nufin mugu, kamar mugun da ke cikin fim. A dā can ma'anarta manomin ƙauye, mai aiki a gonar wani babba. Masu mulki a Turai suna raina talakawan gona, suna ganin duk mutumin ƙauye marar tarbiyya ne, a hankali sunan manomi ya koma sunan mugu. Haka "sinister", abin da ke da alamar sharri, a Latin hagu kawai take nufi. Mu ma mun san yadda ake kallon hannun hagu a wurinmu.

Kuskuren da muka fi gani a rubutun yabo shi ne "infamous" da "notorious". Wasu suna zaton "infamous" na nufin sananne ƙwarai. Duka biyun suna nufin wanda ya yi ƙaurin suna wajen mugun abu. Mun taɓa jin mai gabatarwa a wani taro ya kira babban baƙo "our notorious chairman", yana murmushi. In yabo kuke nufi, ku ce "famous" ko "respected".

Ku bambanta waɗannan huɗu kuma. "Illegal" ya saɓa wa dokar ƙasa. "Immoral" ya saɓa wa ɗabi'ar kirki, ko da doka ba ta hana ba. "Unethical" ya saɓa wa ƙa'idar sana'a, kamar ma'aikacin asibiti da ke baza asirin cutar mutane a kasuwa. "Amoral" kuwa shi ne wanda bai damu da ko abu nagari ne ko mugu ba, ribarsa kawai yake dubawa. Sayen hatsi da arha a hannun gwauruwa da kaka, a sayar mata da shi ninki biyu da damina, ba lallai ya zama "illegal" ba, amma ku tattauna a tsakaninku ko wace kalma ce ta dace da shi.

Kalmomin da muke ji a wa'azi

Masu karanta Littafi Mai Tsarki na Turanci, musamman juyin King James na 1611, suna haɗuwa da wasu tsofaffin kalmomi. "Iniquity" mugunta ce, asalinta kuwa rashin daidaito ko rashin adalci. "Transgression" tsallake iyaka ne, wato ƙetare doka. "Abomination" abin ƙyama ne. Ba a cika amfani da su a takardun ofis ba, wurinsu bagade ne. Amma "trespass", wadda ke nufin laifi a cikin addu'a, tana nan da rai a kotu da wata ma'ana: shiga gona ko filin wani ba tare da izini ba. Duk wanda ya taɓa zuwa shari'ar iyakar gona ya ji ta.

Aikin da za ku yi a ƙungiya

A taronku na gaba, ku sa mutum ɗaya ya karanta wannan darasi da ƙarfi, wanda ya iya Turanci ya rubuta kalmomin a allo. Bayan haka ku ɗauki labarin ma'ajin nan, ku rubuta takardar da ya kamata matasan su aiko mana, da Hausa tukuna, cikin layi biyar ko shida, ba tare da kiran kowa da wani suna ba. Sai a juya ta zuwa Turanci, a ba wani dabam wanda ba shi ya juya ba ya sake karanta wa dattawa ita da Hausa. Ku gwada abin da ya karanta da abin da kuka rubuta da fari. Ƙungiyar da ta yi wannan aiki ta ba ma'aikacinmu kwafin takardar in ya zo zagaye, za mu duba Turancin mu mayar muku.